Hannun Da Ya Warke A Karkace

Yau a kan hannu za mu ɗan taɓa hira, wannan hannun dai da kike riƙe da littafin nan da shi.

Akwai wata kalma da ta zame mana ruwan dare a gidajenmu, wato "ai ya warke". Mace ta karye, an yi ɗori, an kwance, kumburi ya sace, sai ki ji an ce ai ya warke. Da zarar an furta kalmar nan shi ke nan an rufe zance, duk wadda ta sake tayar da shi ta zama mai raki ko mai son jiki. To amma fa warkewa iri-iri ce. Ƙashi ba shi da ido, shi dai aikinsa ya haɗe, yadda aka ajiye shi haka zai kama ɗan uwansa, ko a miƙe ko a karkace. Idan ya kama a karkace, zafin ya tafi, amma hannun bai dawo ba. Mu kuwa mata hannu shi ne jarinmu. Da shi ake tuƙi, da shi ake daka, da shi ake matse wanki, da shi ake saɓa goyo. Wadda ke da 'yar sana'a a cikin gida, kitso ne ko ɗinkin hula ko murza taliya ko matsar man ƙuli, da shi take samun na sabulu da na anko ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba.

Ki buɗe tafin hannunki ki dube shi da kyau. Ƙasusuwa 27 ne a cikinsa. Guda 8 ƙanana suna cure a wuyan hannu kamar tsakuwa, guda 14 suna cikin yatsu, sai guda 5 dogaye da suka taso daga wuyan hannu suka ratsa tafi, kowanne ya je ya tallafi yatsa ɗaya. Idan kika shafa bayan hannunki za ki ji su a jere kamar karan zana. Idan kika dunƙule hannu, tudun nan da ke fitowa a gindin kowane yatsa kan ƙashin ne. A kan ɗaya daga cikin waɗannan biyar ɗin maganata take, domin shi ne ya kusa raba autarmu da sana'arta.

A shekarar 2017, ana saura kamar mako biyu babbar sallah, ta fito da ragon da take kiwo za ta ɗaure shi a inuwa. Ta naɗe igiyar a hannunta na dama kamar yadda kowa ke yi. Wani yaro ya banko ƙyauren gidan da ƙarfi, rago ya firgita ya fizga, igiya ta murɗe mata manuniya. Ta ce ƙas kawai ta ji, kamar an karya karan dawa, kafin ta ankara bayan hannu ya haye ya yi suntum. Uwar mijinta ta aika aka kira wani dattijo maɗori, ya zo ya ja yatsan, ya shafe shi da man shanu, ya jera 'yan karare ya ɗaure da tsumma. Bayan mako uku da 'yan kwanaki aka kwance. Babu zafi sosai, babu kumburi, yatsa yana motsi. Kowa ya ce madalla.

Ni a lokacin muna wani gari wajen aikin maigidana, sai bayan wata biyar muka haɗu da ita a gidan suna. Tun tana budurwa ita ke yi mini kitso, don haka da na samu sarari na ja ta ɗaki na tuɓe ɗankwali. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ki nemi wata ta yi miki." Na ce, "Auta, lafiya? Ko wani abu na yi miki?" Ba ta ba ni amsa ba, sai ta miƙo mini hannun a buɗe. Wallahi ban ga komai ba, yatsu biyar a miƙe sumul, har da jan lalle. Daga nan ta fara dunƙule shi a hankali. Tun kafin ya rufe rabi sai na ga manuniyar ta bar hanyarta ta haye kan yatsan tsakiya, sun gitta juna kamar bakin almakashi. Tudun gaɓar kuma ya nutse, ba ya fitowa daidai da na 'yan uwansa.

Ashe watannin nan duk a cikin wahala take. Kitson da take gamawa kafin a sauke tukunya ya koma ɗaukar ta rabin yini, gashi yana zame mata, ga shi ba ya kamawa, kwana uku ya tuje. Masu zuwa suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta faɗa mata dalili, kin dai san halinmu. Allurar ɗinkin hula ta gagara riƙuwa. Muciya sai ta haɗa da hagu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne loma, domin tuwo ba ya dunƙuluwa a hannunta, sai ta koma cin abinci da cokali a cikin ɗaki don kada yaran gida su yi ta kallonta. Da ta gaya wa maigidanta sai ya kama hannun a buɗe ya jujjuya ya ce ai ya warke. Uwar miji kuma ta ce ƙaddara ce, wasu ma hannun ɗungurungum suka rasa, ta gode wa Allah. Gaskiya ne Hajiya ta faɗa, a gode wa Allah. Sai dai ni ban taɓa jin inda godiya ta yi faɗa da neman magani ba.

Kada ki ɗauka zagin maɗora na zo yi. Sana'a ce ta gado, kuma akwai garuruwa da ƙauyuka da dama inda in ba su ba babu mai taɓa wanda ya karye. Da yawansu suna da hannu, sun san karaya, sun san targaɗe, sun san gocewa. Amma komai gwanintar mutum, da yatsunsa yake lalube ta saman fata, ga kumburi ya rufe komai. Karayar da murɗa ta haifar ba a gicciye take tafiya ba, zagaye ƙashin take yi kamar yadda rake ke tsagewa idan kin murɗe shi. Irin wannan, ɓarin da ke riƙe da yatsa yakan ɗan juya, ya kuma zame ya gajarta. In an ɗaure yatsa a miƙe ba mai gane an bar shi a juye, sai ran da aka zo dunƙulewa. Ko a asibiti, wanda bai sa mai ciwo ya lanƙwasa yatsu ya duba ba, abin zai iya wuce shi.

Ga yadda za ki gane da kanki, ba sai da na'ura ba. Ki lanƙwasa yatsunki huɗu su kwanta a tafi. Za ki ga dukkansu sun nufi wuri ɗaya, wajen gindin babban yatsa kusa da wuyan hannu, kowanne a layinsa, ba mai hawa kan wani, farata kuma sun jeru suna kallon gefe guda. Ki gwada da ɗaya hannun ki kwatanta. Idan bayan karaya wani yatsa ya haye kan ɗan uwansa, ko ya shige ƙarƙashinsa, ko farcensa ya juya yana kallon wani wuri daban, to ƙashin a juye yake. Juyawa 'yar kaɗan a can gindi, wadda ido ba zai kama ba, ita ce ke zama babbar gitta a bakin yatsa, kamar dai yadda ɗan kuskuren yanka a kafaɗar riga yake fitowa fili a ƙasanta.

Na ce da ita, "Auta, tashi za ki yi mu je a ɗauki hoto." Ta ce, "Yaya, bayan wata biyar? Ai bakin alƙalami ya bushe." Ni ma a raina ban san abin da za a ce mana ba, amma dai gani ya kori ji. Sai da na je har gida na durƙusa na gaishe da Hajiya, na bi ta da lallami, na ce hoto kawai za a ɗauka, sannan aka bar mu muka tafi asibitin ƙashi.

Bari in ɗan ratse, don abin ya burge ni da na ji shi. Wannan hoton ƙashi da muke ɗauka kamar wasa, wani Bajamushe ne mai suna Wilhelm Rontgen ya gano haskensa a shekarar 1895. Kin san hoton da ya fara yawo a duniya, wanda ya sa mutane suka yarda? Hannun matarsa ne, ga ƙasusuwan yatsunta a jere, ga zoben aurenta a maƙale. Wato dai a jikin ɗan Adam, hannun matar gida aka fara ɗauka a hoto da wannan na'ura. Amma yau, shekara fiye da 100 da yin haka, hannun matar gida ne ake ganin bai kai a kashe masa kuɗin hoto ba.

Da hoton ya fito likita ya ɗaga shi a haske ya nuna mana. Ƙashin ya haɗe ƙam, har ya yi ƙulli a wajen karayar, amma ya ɗan gajarta, ya ɗan rusuna, ga shi kuma a juye. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ya ce idan ƙashi ya karye jini ne ke fara taruwa a wajen, a cikin mako biyu zuwa uku jinin nan ya zama wani abu mai danƙo kamar guringuntsi, daga nan ya riƙa ƙarfi har ya zama ƙashi. Na tafin hannu yakan kama a cikin mako huɗu zuwa shida. A makonnin farko ana iya kashe zafin wajen a ja shi a daidaita, a sa siminti ko a soka ɗan ƙarfe, shi ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma wanda ya riga ya bushe, ja ba ya yi masa komai, tausa ba ta yi masa komai, ruwan zafi ma haka. Sai dai aiki.

Auta ta zaro ido ta ce, "Likita, wato sake karya shi za ku yi?" Ya yi murmushi ya ce, "Malama, yankawa za mu yi. Karaya ba ta shawara da kowa, mu kuwa sai mun auna."

Wani abin da ya faɗa wanda nake so ki riƙe shi ne, ba kowane ƙashin da ya haɗe a karkace ake yi wa aiki ba. Ƙashin ƙaramin yatsa shi ya fi yawan karyewa, musamman ga maza masu naushin bango ko naushin mutum, har Turawa suna kiran karayar da sunan 'yan dambe. Shi wannan ko ya rusuna har wajen digiri 40 a kusa da gaɓa, yawanci hannu yana aikinsa lafiya lau, don gindinsa yana da wasa, yana rufe aibin. Abin da za a rasa kawai shi ne tudun gaɓar ya nutse, wato kyan gani. Likitan kirki ba zai yanka hannun da ke aiki don kawai tudu ya fito ba. Amma ƙashin manuniya da na yatsan tsakiya a kafe suke a gindi, ba su da wannan wasan, da sun rusuna fiye da digiri 10 zuwa 15 sai a ji a jiki. Juyawa kuwa babu yatsan da ke yafe ta. Abin da ake dubawa dai shi ne, hannun yana yi wa mai shi aikin da yake ci da shi, ko ba ya yi? Ya tambaye ta sana'arta, ta ce kitso da hula. Ya ce to ke kam naki na aiki ne.

Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce duk inda aka yanka ana iya samun ƙwayar cuta ta shiga. Jijiyar da ke miƙar da yatsa a kan ƙashin take kwance, tana iya mannewa da tabo yatsa ya sandare. Fatar bayan hannu tana iya yin dindiris na wani lokaci. Wani sa'in ma ƙashin da aka yanka yakan yi nawar haɗewa, musamman ga mai shan taba ko mai ciwon sukarin da ba a kula da shi ba. Ya ce ta je gida ta yi shawara, ba gaggawa, tunda abin da zai bushe ya riga ya bushe.

Shawarar nan ita ta fi aikin wuya. Hajiya ta ce ita ba da yawunta ba a yanka lafiyayyen hannu, wa ya sani ko a garin neman gira a rasa ido. Tsoronta ba na banza ba ne, don haka ban ga laifinta ba. Maigidan kuma ya yi shiru, kin san shirun da ake yi idan magana ta zo kan kuɗi. Abin da ya juya shi, Auta ta ajiye masa hoton a gabansa, sannan ta ɗauko allura da zare ta ce, "Don Allah ka kalli hannuna." Ta yi ta fama ta kama allurar, yatsa yana hawa kan yatsa, har allurar ta faɗi. Ashe duk watannin nan bai taɓa ganin hannun a dunƙule ba, kullum a buɗe take nuna masa, don kunya. Washegari shi da kansa ya je ya shawo kan mahaifiyarsa. Aka haɗa kwasar adashenta da kuɗin tunkiya biyu, shi ya cika sauran.

A farkon shekarar 2018 aka yi aikin. Tun dare aka hana ta ci da sha. Da safe ta sa hannu a takardar yarda, da hannun da za a yanka ɗin, tana yi tana dariyar tsoro. Ba a sa ta barci ba, allura aka yi mata a saman ƙashin wuya wajen kafaɗa, inda jijiyoyin hannu suka ratsa, sai hannun gaba ɗaya ya mutu mata murus. Ta ce tana jin maganarsu, tana jin ƙarar ɗan injin kamar na masu gyaran agogo, amma hannun kamar na wata ne aka ajiye kusa da ita. Wasu kuma akan sa su barci gaba ɗaya, ya danganta da abin da masu allurar suka ga ya dace.

Yadda aikin yake, kamar yadda aka yi mana bayani, ana ɗaure dantse da wani abu mai hura iska don jini ya tsaya a ga wuri sosai. Sai a tsaga bayan hannu tsawon ɗan yatsa, a kawar da jijiya gefe a hankali, a isa ga ƙashin. A yanka shi da ɗan ƙaramin zarto, wani lokaci a daidai tsohuwar karayar, wani lokaci a can kusa da gindi inda ƙashi ya fi saurin haɗewa. Idan juyawa ce, sai a murɗo shi ya dawo hanya. Idan rusunawa ce, sai a fitar da ɗan yanki mai siffar bakin gatari a rufe gibin, ko kuma a buɗa gibin a cusa ɗan guntun ƙashi da aka ɗebo daga wuyan hannu ko ƙugun mai ciwon. Kafin a ɗaure sai an lanƙwasa yatsun a ga kowanne ya kwanta a layinsa, a kuma ɗauki hoto nan take a cikin ɗakin. Abin ɗaurewar iri biyu ne. Akwai siraran ƙarafa kamar tsinken kitso da ake sokawa su ratsa ƙashin, waɗanda wani likitan Jamus mai suna Martin Kirschner ya fito da su tun 1909, su ana zare su bayan 'yan makonni. Akwai kuma ɗan ƙarfe mai faɗi da huda-huda da ake kwantarwa a kan ƙashin a ɗaure da 'yan kusoshi masu kaurin kamar milimita 2. Wannan na biyun aka sa wa Auta. Aikin bai kai awa biyu ba.

Washegari da allurar ta sake ta ta sha zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Aka ba ta magani, aka ce ta riƙa ɗaga hannun sama da ƙirjinta, ko barci za ta yi ta ɗora shi a kan matashi, don kada ya kumbura. Kada ruwa ya taɓa wajen. Bayan mako biyu aka cire zare.

To 'yar uwa, a nan ne fa mata da yawa suke yin asara, don sun ɗauka da an cire zare an gama. Wallahi rabi aka yi. Hannu ba ya son zama wuri ɗaya, in aka bar shi a ɗaure ya daɗe gaɓoɓi sai su ƙage, jijiya ta manne. Amfanin ƙarfen nan ke nan, yana riƙe ƙashin da ƙarfi yadda za a fara motsa yatsu da wuri. Tun ba a cire zare ba aka tura ta sashen gashin ƙashi. Sunan ne kawai gashi, yawancin abin motsa jiki ne. A ce ta lanƙwasa bakin yatsu kamar ƙugiya, ta miƙe, ta dunƙule gaba ɗaya, ta miƙe, ta taɓa bakin kowane yatsa da babban yatsa, sau da yawa a yini, kullum ta Allah. Da ciwon ya rufe aka koya mata murza tabon da mai don kada ya kama abin da ke ƙarƙashinsa. Rannan na same ta tana yi tana hawaye, ta ce, "Yaya, wannan ya fi yankan ciwo." Na ce, "Daure Auta, ke da kika haihu uku."

Sannan ga maganar da ba a rubuta ta a katin asibiti, wato wa zai yi aikin gida? An ce kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta yi daka, kada ta yi tuƙi ko matsar wanki har sai hoto ya nuna ƙashin ya kama, abin da yakan ɗauki mako shida zuwa takwas, aikin ƙarfi sosai kuwa sai wajen wata uku. Namiji in ya karye, kwanciya yake yi a kawo masa farfesu. Mace in ta karye, da hannu ɗaya ake sa ran ta ci gaba da komai, in tuwo ya yi gudaji kuma a yi mata magana. Mu dai muka raba abin a tsakaninmu. Na tura mata babbar 'yata ta zauna da ita, maƙwabciyarta ta ɗauke mata wankin yara, Hajiya da kanta, wadda ta ce ba da yawunta ba, ita ta riƙa yi mata tuƙin dare. Duk wadda za a yi wa irin wannan aiki, ta fara shirya wannan tun kafin ta shirya kuɗi, domin na ga wadda ta koma daka da wuri, hannun ya kumbura aka koma baya.

Akwai kuma wata magana da ba zan iya haɗiye ta ba. A layin gashin nan na zauna da mata iri-iri, kowacce da labarin yadda ta karye. Wannan santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, wannan taɓarya ce ta sauka a hannunta, wannan ƙofar mota. Amma akwai waɗanda in suka ce "faɗuwa na yi" sai su kawar da kai. Hannun da aka ɗaga don a kare fuska shi ke karɓar abin da aka nufi fuska da shi. Irin waɗannan su ne ba a kai su hoto, don kada a tambaya, a kira mai ɗori cikin dare a rufa asiri, ƙashi ya haɗe yadda ya ga dama. Idan 'yar uwarki ce ko 'yarki ta zo miki da irin wannan faɗuwa, ki ja ta ɗaki ki tambaye ta sau biyu.

Ke kuma mai yara, kin sha jin ana cewa ƙashin yaro da kansa yake miƙewa. Da gaskiya a ciki, ƙashin yaro in ya ɗan rusuna yakan gyaru yayin da yake girma, musamman in karayar tana kusa da inda ƙashin ke tsiro. Amma juyawa ba ta gyaruwa da girma, yadda ta kama haka zai tashi da ita. Don haka ki sa shi ya dunƙule hannu ki gani. Kuma ko babba ko yaro, da an ji ciwo a hannu a fara zare zobe da awarwaro kafin kumburi ya rufe su. In an yi ɗauri, na gida ne ko na asibiti, sai yatsu suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko suka mutu, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, to ɗaurin ya matse jini ne, a sassauta shi a nufi asibiti a daren, kada a ce sai da safe. Ta haka ake rasa yatsu, wani lokaci har hannu. Mu nan Arewa muna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano tun shekarar 1959, ga kuma sassan ƙashi a manyan asibitocin koyarwa, hoton hannu kuwa ana ɗaukarsa a asibitoci da yawa na cikin gari.

Wata na huɗu bayan aikin Auta ta aiko a ce mini in zo da kaina a tsefe. Ta zaunar da ni a tabarma ta yi mini shuku, tana yi tana hutawa, ta ɗauki lokaci fiye da da, amma ya kama tsam, sai da ya yi mako uku. Kafin shekara ta zagayo masu kitsonta sun dawo, har da sababbi. Tudun gaɓar bai fito daidai da sauran ba har yau, don gajartar ba a cike ta duka ba, kuma in ta dunƙule hannu sosai manuniyar takan rage ɗan kaɗan ba ta taɓa tafi ba. Amma tana kwanciya a layinta, ba ta hawa kan kowa. Ga tabo siriri a bayan hannun, wanda in an yi mata zanen lalle sai mai zanen ta bi ta kansa da reshen fure.

Ƙarfen yana nan a ciki. Mata sukan tambaye ta ko ba za a cire ba, ko ba ya tsatsa, ko ba ya hana ta ɗaukar ciki. Ba ya tsatsa, don ba irin ƙarfen ƙofa ba ne, kuma ta haifi na huɗu da shi a hannunta. Likita ya ce ba a taɓa shi sai in yana gogar jijiya ko yana damunta, in ma za a cire sai ƙashin ya gama ƙwari sosai. Ita dai ta ce da sanyin hunturu takan ɗan ji shi da asuba, sai ta dumama ruwa ta tsoma hannun kafin ta ɗora koko. Rago kuwa tana nan tana kiwonsa duk shekara, sai dai yanzu a turke take zarga igiyar tun kafin ta buɗe masa ƙofa.